Tabon Tawada: Haƙƙin Tsohon Tebur a Kan Mai Gyaransa

Gabatarwa

Masu iya magana kan ce da tsohuwar zuma ake magani. Sun kuma ce garin neman gira akan rasa ido. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban tsohon teburin rubutu, buroshi a hannunsa, gwangwanin fenti a gefen ƙafarsa, ya tsaya ne tsakanin waɗannan karin magana guda biyu. Idan ya bar teburin yadda yake, gara da raɓa su gama da shi. Idan ya shafe shi da fenti, ya binne wani abin da ba shi ya ajiye ba. Manufar wannan maƙala ita ce ta duba tambaya guda: a cikin abin da tsufa ya rubuta a jikin kayan da muka gada, wanne ya halatta mu goge, wanne kuma ya zama amana a wuyanmu? Mai karatu zai iya cewa wannan magana ta yi wa tebur girma. Ina roƙonsa ya yi mini haƙuri zuwa ƙarshe, domin ni ma haka na ɗauka kafin tebur ya ɗaure mini kai.

Sha'awar Sabunta Tsofaffin Tebura

A ƙasashen Turai da Amurka, gyaran tsofaffin kayan katako ya daɗe da zama abin debe kewa ga mutanen da ba kafintoci ba. Ma'aikaci ko uwargida kan je gwanjo, ko kasuwar 'yan gwangwan, ya sayo teburin rubutu da aka yar, ya kai shi bayan gida ya yi ta fama da shi a ranakun hutu. Aikin yana da matakai sanannu. Da farko a wanke dattin shekaru, a kankare tsohon man sheƙi, a goge da samfefa tun daga mai kaushi har zuwa mai laushi, a cike ramuka, a ɗaure gaɓoɓin da suka saki da gam. Daga nan hanya ta rabu biyu: ko dai a shafa mai wanda zai bar zanen itacen a fili, ko a rufe da fenti.

Hanya ta biyu ta ƙara samun magoya baya tun daga shekarar 1990, lokacin da wata Baturiyar Ingila mai suna Annie Sloan ta fito da fentin da ta kira Chalk Paint. Wannan fenti yana kama jikin katako ba tare da an sha wahalar kankara ba, yana bushewa da wuri, sannan a bi shi da kaki. Da zuwan intanet sai hotunan tebura masu launin fari da shuɗi da toka suka game duniya, har suka iso wayoyin 'ya'yanmu. Akwai wani salo a cikin wannan sha'awa wanda ya cancanci a tsaya a kansa. Bayan an gama fentin, sai mai aikin ya ɗauko samfefa ya kankare gefuna da kusurwoyi da gangan, domin teburin ya yi kama da wanda ya sha hannu shekara da shekaru. Watau an shafe tsufan gaskiya, an zana na ƙarya a kansa. Za mu dawo kan wannan.

Teburin Mahaifina

Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, marubucin wasiƙa ne a unguwar Sabo ta Ibadan, unguwar da aka keɓe wa Hausawa tun 1916, wadda fataucin goro da na shanu suka raya. A shekarun 1960 akasarin fatake da 'yan ƙwadago ba su iya boko ba, alhali gidan waya ba ya karɓar adireshi sai da boko. Don haka sukan zo su zauna a benci, su faɗi abin da ke ransu, shi kuwa ya rubuta, a biya shi toro ko sisi. A kan tebur ɗaya ya yi wannan aiki har ƙarfinsa ya ƙare. Teburin na katakon loko ne, wanda Yarbawa ke kira iroko, itace mai nauyi da gara ba ta cika samun sa'arsa ba. Yana da durowa guda. A kusurwar dama akwai wani baƙin tabo mai faɗin tafin hannu, inda kwalbar tawada ta sha zubewa. A gefen gaba kuwa katakon ya lotsa ya yi santsi, daidai inda yake ɗora gwiwar hannunsa.

Bayan rasuwarsa teburin ya yi shekaru a zaure, ana ɗora masa buhunan hatsi. Ƙafa ɗaya ta ruɓe saboda ruwan da ke kwanciya a wurin da damina. Da bikin ƙanwata ya matso, sai ta same ni da hoto a wayarta, ta ce, "Yaya, don Allah ka gyara mini teburin Baba ya koma irin wannan, fari tas, in sa shi a ɗakina. Ai ya fi a bar shi yana ruɓewa." Na buɗe baki zan ce a'a, sai na rasa hujja, domin gaskiya ta faɗa. Duk shekarun nan da nake taƙama da ƙaunar teburin, ban taɓa ko kakkaɓe masa ƙura ba.

Hujjar Masu Fenti

Adalci ya wajabta a fara sauraron masu fenti, domin hujjarsu tana da ƙarfi. An yi tebur ne don a yi aiki a kansa. Ranar da aka daina amfani da shi ya fara mutuwa, ko da kuwa ana yi masa kirari. Sau da yawa zaɓin da ke gaban tsohon tebur guda biyu ne, fenti ko murhu, kuma fenti ya fi murhu. Bugu da ƙari, duk teburin da aka ceto ya rage wa daji sara. Mun ga yadda aka yi wa itacen madobiya wawaso a dazuzzukan Nijeriya da maƙwabtanta ana kaiwa ƙasar Sin, har a 2016 aka sa shi cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikinsu tsakanin ƙasashe. Wanda ya raya tsohon katako ya yi abin kirki, ko da wane launi ya shafa masa.

Haka kuma al'adarmu ba ta ɗauki sabuntawa a matsayin cin amana ba. Gidan ƙasa yana rayuwa ne da yaɓe, kuma maigidan da ya ƙi yi wa katangarsa sabon yaɓe don kada ya rufe sawun hannun kakansa, damina biyu ta ishe shi ya rasa katangar da sawun gaba ɗaya. Masallacin Jenne na ƙasar Mali, wanda aka yi gininsa na yanzu a 1907, yana tsaye ne saboda mutanen gari suna fitowa kowace shekara su sake yaɓe shi. Almajiri ma wanke allonsa yake yi kafin a ɗora masa sabon karatu, ba a kuma taɓa cewa ya wulaƙanta na jiya ba.

Hujjar Masu Cewa a Bari

A ɗaya ɓangaren akwai waɗanda ke ganin cewa tabo shaida ne. Jagoransu a Ingila shi ne John Ruskin, wanda a cikin littafinsa na 1849 a kan gine-gine ya nuna cewa abin da ake kira mai da gini sabo rushewa ce da aka lulluɓe da ƙarya. A ganinsa tsohon gini ba mallakar mutanen zamani ɗaya ba ne, domin waɗanda suka gina shi suna da haƙƙi a ciki, waɗanda ba a haifa ba tukuna su ma suna da nasu. Wannan ra'ayi ne ya sa William Morris da abokansa suka kafa ƙungiyar kare tsofaffin gine-gine a 1877, suna kira da a riƙa ƙananan gyare-gyare a kan kari, a daina kankare fuskar gini. Idan aka ɗauko wannan ma'auni aka ɗora a kan teburin mahaifina, lotsawar nan ta gefen gaba ba lahani ba ce. Shekaru talatin na zama ne suka sassaƙa ta, kuma babu kafintan da zai iya mai da ita idan samfefa ta cinye ta.

To amma tarihi ya yi wa wannan ra'ayi wata dariya. Mai tsara gine-ginen da ya tsaya a kishiyar Ruskin shi ne Viollet-le-Duc na Faransa, wanda ya gyara majami'ar Notre-Dame ta birnin Faris tun daga shekarun 1840, ya kuma ɗora mata dogon tsororo na ƙirarsa. Masu ra'ayin Ruskin sun ɗauki irin wannan aiki a matsayin shisshigi. A watan Afrilu na 2019 gobara ta cinye tsororon, sai ga jama'a suna kuka a tituna kamar an yi musu mutuwa. Da aka tashi gyara, irinsa sak aka mayar, aka sake buɗe majami'ar a Disamba 2024. Abin da ya shigo a matsayin ƙari, bayan shekara ɗari da sittin ya zama gado. Ashe fentin yau ma yana iya zama tsohuwar zumar jikoki.

Tun kafin waɗannan, masana falsafar Girka sun yi ta muhawara a kan jirgin ruwan jaruminsu Theseus, kamar yadda Plutarch ya ruwaito. Mutanen birnin Atina sun adana jirgin, duk katakon da ya ruɓe su cire su sa sabo, har aka fara tambaya ko shi ne dai jirgin farko ko wani ne daban. Akwai teburin rubutu da ya ɗauki irin wannan tambaya a jikinsa. Jirgin Ingila mai suna Resolute ya maƙale a ƙanƙarar arewacin duniya, aka bar shi a 1854. Masu farautar kifin whale daga Amurka suka tsince shi a 1855, gwamnatinsu ta gyara shi ta mayar wa Ingila. Da aka wargaza jirgin a 1879 sai aka yi tebur da katakonsa, Sarauniya Biktoriya ta aika wa Shugaba Hayes kyauta a 1880. Daga baya an ƙara masa murfi a gaba a 1945, an kuma ɗaga gindinsa a 1961. Shugabannin Amurka da dama sun yi aiki a kansa, ba wanda ya ce ya tashi daga zama teburin Resolute. Dalili shi ne duk wani ƙari da aka yi masa sananne ne, an rubuta shekararsa, ba a yaudari kowa ba.

Ma'aunai Uku

Daga nan na fahimci cewa tambayar a taɓa ko kada a taɓa ba ta kai mu ko'ina ba, tunda barin abu ya ruɓe ma hukunci ne da aka yanke masa. Abin dubawa shi ne yadda za a taɓa. Na tsayar wa kaina ma'aunai uku.

Na farko, kada gyara ya yi ƙarya. Addininmu ya bambanta sutura da algus. Sananne ne labarin mai sayar da abincin da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa ya ɗora busasshe a sama, da yadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tsawata masa. Wanda ya cusa gari da gam a ramin gara, ya shafe da fenti, ya sayar a matsayin lafiyayyen tebur, ɗan'uwan wancan mai abinci ne. Wanda kuma ya kankare gefunan sabon fenti don ado, ya faɗa wa mai saye gaskiya, bai yi laifi ba, ko da yake abin mamaki ne mutum ya kori tsufan da aka ba shi kyauta sannan ya wahala wajen ƙera na jabu. Amma ranar da ya ce wa mai saye hannun kakanni ne ya cinye gefunan, ya shiga ramin ƙarya, wanda aka ce ƙurarre ne.

Na biyu, kada mutum ya yi abin da na bayansa ba zai iya warwarewa ba, matuƙar akwai wata hanya. Magabatan kafintoci sun bar mana darasi a nan. Gam ɗin da suke dafawa daga fata da ƙashi yana sakin jiki da ruwan ɗumi, don haka ana iya kwance gaɓa a sake ɗaure ta bayan shekara ɗari. Man sheƙin da ake kira shalak, wanda ake samu daga wani ƙaramin ƙwaro a Indiya da Tailan, yana narkewa da sifirit, sai a ɗebe shi ba tare da an ji wa katako ciwo ba. Ta wannan fuska fenti ya fi injin gugar katako sauƙin laifi, domin fentin da aka shafa a kan tsohon man sheƙi ana iya ɗaye shi wata rana, amma abin da inji ya ci ya tafi ke nan. Da yawa daga cikin teburan Turawa ma wani siririn ɓawon itace mai tsada ne aka manna a kan katako mai araha, kuma gugar minti kaɗan ta isa ta huda shi.

Na uku, kada gyara ya cutar da mai rai. Tsohon fenti yakan ƙunshi dalma. Amurka ta hana amfani da irin wannan fenti a gidaje da kayan ɗaki a 1978, amma kayan da aka shafa kafin nan suna nan, kuma wasu ƙasashe sun daɗe ba su hana ba. Idan aka goge shi a bushe, ƙurar ta bi iska ta sauka inda yara ke rarrafe, ta taɓa musu ƙwaƙwalwa. Mu da muka ga abin da gubar dalma daga duwatsun zinariya ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda aƙalla yara 400 suka rasu, bai kamata a yi mana dogon bayani ba. Teburin da aka ƙawata da lafiyar yaro kyansa na ɗan maciji ne.

Abin da Na Tarar a Ƙarƙashin Durowa

Da waɗannan ma'aunai na shiga aiki, da taimakon wani dattijon kafinta na unguwarmu. Ya sassaƙa sabuwar ƙafa, na ce ya rina ta ta saje da sauran. Ya ce, "Malam, bar ta da launinta. In ta sha iska za ta yi duhu da kanta, kuma duk wanda ya duba zai san an yi gyara a nan." Na ce, "Gaskiyarka, Baba."

Da muka zaro durowar muka kife ta, sai ga rubutun ajami da fensir ya cika bayanta. Sunayen mutane ne, kowanne da kuɗi a gabansa: wane sisi, wane sule ɗaya, wane sule biyu da toro. An ja layi a kan wasu, alamar sun biya. Guda 23 ba a ja musu ba. Babu naira ko ɗaya a lissafin, watau an rubuta shi kafin canjin kuɗi na 1973. Na san gidajen da yawa daga cikinsu. Wasu jikokinsu manyan attajirai ne a unguwar yau, wasu limamai.

A nan ma'aunina na biyu ya juyo kaina. Wani abokin aikina masanin tarihi, da na ba shi labari, ya ce kada in kuskura in taɓa wannan rubutu. Ya ce irin wannan shaida ce ake nema ruwa a jallo, domin tana nuna farashin wasiƙa, da garuruwan da baƙi suka fito, da yadda bashi ke tafiya tsakanin talakawa, abubuwan da takardun gwamnati ba su damu da su ba. Ya ce in ma ba zan ba da durowar ba, in bari a ɗauki hoto. Ban sami abin da zan ƙaryata a maganarsa ba.

Na kai maganar gaban mahaifiyarmu. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Yana da littafin lissafi, kullum a buɗe yake a kan teburin nan. Me ya sa bai rubuta su a ciki ba?" Wannan tambaya ta warware mini abin da littattafai suka kasa. Ya ɓoye sunayen ne a inda mai zama a benci ba zai hango sunan maƙwabcinsa ba. Mutumin da ya kasa biyan sisi don ya aika wa uwarsa gaisuwa ba ya son a sani, kuma mahaifina ya rufa masa asiri har ya koma ga Allah. Tabon tawada shaida ce a kan mahaifina, mu magadansa muna da ikon nuna ta. Jerin sunayen kuwa shaida ce a kan wasu, waɗanda ba su ba mu izini ba, ba su kuma da bakin hana mu.

Tunda bashin da ake bin mamaci yana cikin gado, ba ni kaɗai ke da ta cewa ba. Na tara 'yan'uwana, kowa ya ce ya yafe rabonsa duniya da lahira. Na kwafe adadin kuɗaɗen kawai, ba suna ba gari, na ba abokina. Sannan na ɗauki samfefa na goge bayan durowar har farin katako ya fito. Shi ne abu guda da na yi wa teburin wanda ba mai iya mayarwa, na kuma yi shi da sanina. Abokina har yau yana ganin na yi wa ilimi asara, kuma ban ce ba a yi asara ba. Abin da na ce shi ne asarar ta fi sauƙin ɗauka a kan tonon asirin wanda ke kabari.

Saman teburin kuwa sabulu da tsumma kawai ya gani, sai shalak da kakin zuma. Tabon yana nan, lotsawar tana nan. Ƙanwata ta zo ta gani, ta ɗora gwiwar hannunta a gurbin, ta daɗe ba ta ce komai ba. Daga baya ta ce a yi wa ƙafafu da gefuna farin fenti a kan man sheƙin, a bar saman. Haka aka yi, kuma yana ɗakinta, 'ya'yanta suna aikin makaranta a kansa.

Kammalawa

Mai gyaran tsohon tebur wakili ne tsakanin wanda ya riga shi da wanda zai biyo shi. Ba a hana shi fenti ba, ba a kuma wajabta masa adana kowane ƙarzane ba. Abin da ake nema gare shi shi ne ya tsaya ya karanta kafin ya goge, ya tambayi kansa wannan alama ta wace ce, wa zai amfana idan ta zauna, wa zai ji kunya. Akwai tabon da shafe shi butulci ne, akwai rubutun da barinsa cin amana ne, kuma sau da yawa a jikin katako ɗaya suke. Haka abin yake ga sauran abubuwan da muka gada, tun daga kundayen malamai da wasiƙun iyaye har zuwa labaran gidajenmu da muke ba 'ya'yanmu. Mu ɗaliban harshe da adabi, da kullum muke yawo da na'urar ɗaukar magana muna neman tsofaffi, mun fi kowa bukatar wannan tunani. Allah Ya ba mu ikon bambancewa, Ya rufa mana asiri kamar yadda magabatanmu suka rufa wa wasu, amin.